Ƙofa ta Bakwai

A Bamako na gane cewa aikin da aka ce yana jirana a tsibiran Kanari babu shi. Mutumin da ya haɗa mana tafiyar, wanda kowa a unguwar Narayi ta Kaduna ke kira Oga Friday, ya ce mu sauka a wani masauki bayan tashar mota mu jira wakilinsa. Muka yi ta jira har wayarsa ta daina shiga. Abokan tafiyata suka watse. Wani ya koma gida, wasu suka bi wata babbar mota zuwa arewa, kuma har yau ban sake jin labarinsu ba. Na rage ni kaɗai, da 'yar jakar kaya, da laftof, da wani shuɗin kebul mai faɗi da ba na rabuwa da shi.

Sunana Irimiya. Na fara aiki a wani ƙaramin gidan rediyo a Kaduna, ina karanta labarai da sanarwa. Daga baya na koma ɗakin injuna, domin a can aka fi bukatar hannu, kuma a can na koyi aikin suwic. Ga wanda bai sani ba, suwic akwatin ƙarfe ne mai jerin ƙofofi a gaba. Kowace kwamfuta da ke cikin gini ana jan kebul daga jikinta zuwa ƙofa ɗaya, shi kuma ya raba musu hanya. Kowace ƙofa tana da 'yar fitila. Idan na'urar da ke ƙarshen kebul tana kunne, fitilar takan kama kore, mu kuma mu ce ƙofar ta tashi. Idan an kashe ta, mu ce ta faɗi.

Suwic ba shi da allo, ba shi da maɓallan rubutu. Wanda yake son ba shi umarni sai ya nemi hanyar shiga. Hanya ta farko ita ce kwansol, wato ka je gabansa da ƙafarka, ka durƙusa, ka soka shuɗin kebul ɗin nan a jikinsa, ɗaya bakin a laftof ɗinka. Ko intanet ya mutu, ko an manta adireshinsa, zai amsa maka.

Wannan kebul ɗin ne ya ciyar da ni a Bamako. Suwic ɗin masaukin ya rikice, wanda ya haɗa shi kuma ya bar gari da kalmar sirri a kansa. Mai masaukin wata dattijuwa ce mai ƙaton ɗankwali. Ba na jin Faransanci, ba na jin Bambara, ita kuma ba ta jin Turanci. Na nuna mata kebul, na nuna akwatin, na dafa ƙirjina. Ta ɗaga kafaɗa ta miƙo mini makulli. Intanet ya dawo. Sai ta aiko mini da shinkafa da miyar gyaɗa, kuma ba ta sake ƙwanƙwasa mini ƙofa a kan maganar ɗaki ba.

Da safiyar da ta biyo baya na fara leƙa gida.

Gidanmu yana Makera, a layin da ke bayan tsoffin masaƙun Kakuri. A ɗaya daga cikinsu Baba ya yi aiki har aka rufe ta. Shanyewar ɓarin jiki ta kama masa gefen dama, ta tafi da maganarsa. In kana gabansa za ka gane shi ta ido da ta hannu, amma a waya babu abin da za ka ji sai numfashi. Yayata Saraya ce ke kula da shi. Tana da shagon buga takardu a gaban gida, kuma a cikin shagon na kafa suwic a kan batirin sola, na ja kebul zuwa ɗakunan 'yan haya. Ƙofa ta bakwai na ja ta zuwa ɗakin Baba, na haɗa masa wani ɗan akwatin rediyo mai kama tashoshi ta intanet, domin tsohuwar rediyonsa ta koma sai shuu. A soket ɗin bango yake kunna shi, da hannun hagu. A cikin suwic ɗin na rubuta wa ƙofar suna: BABA.

Kafin in bar gida na buɗe wa kaina hanya ta biyu, wadda ake kira SSH. Ita daga nesa ake shiga, ta intanet, kuma duk abin da ka rubuta a kulle yake tafiya, babu mai iya karanta shi a hanya. Na tuna na ce wa Baba, “Duk lokacin da ka kunna akwatin nan, ko ina ina, ina gani.” Ya dube ni, ya dubi 'yar fitilar da ke bayan akwatin, ya sake dubana. Na ɗauka maganar ta wuce.

To, a safiyar nan ta Bamako na shiga, na bar baƙin allon a buɗe, na jira. Suwic yakan sanar da duk abin da ya faru a jikinsa a daidai lokacin da ya faru. Can sai layi ya fito: ƙofa ta bakwai ta tashi. Kafin in sauke numfashi, wani ya biyo: ta faɗi. Sai na uku: ta tashi.

Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Baba ba bahago ba ne, ciwo ne ya mayar da shi. Na hango shi yana fama da maɓallin soket, yatsa yana zamewa, yana tsaki a cikin maƙogwaro. Washegari ma haka aka yi, da duk safiyar da ta biyo baya: tashi, faɗi, tashi. Tun daga nan na daina fargabar da ke hana ni barci. Muddin layukan nan uku sun fito, Baba ya kwana lafiya.

Wani direba ya ce mini a Muritaniya akwai masana'antun kifi na baƙi da ke neman masu irin aikina. Na bi shi har Nuwakshot. A can wani mai shagon intanet ya ɗauke ni aiki. Shi ta telnet yake shiga suwic ɗinsa. Telnet tsohuwar hanya ce, daga nesa ita ma, amma komai tsirara yake tafiya, har kalmar sirri. Duk wanda ya zauna a shagon ya kasa kunne zai iya tsinta. Na gaya masa da ɗan Turancin da muke haɗuwa a kai. Ya yi dariya, ya ce a garinsu babu ɓarayi. Ranar da wani ya shiga ya hargitsa komai, sai ya zamana akwai ɓarawo guda ɗaya a garin, kuma baƙo ne. Ya tara mini mutane, ya ƙwace wayata a madadin ɓarnar. Laftof ɗin ya tsira ne domin yana cikin rigata, ɗaure a cikina. Da shi na hau motar Nuwadibu.

Nuwadibu wani siririn tudu ne da ya miƙe cikin teku. Babu itace. Iska ba ta tsayawa, kuma warin garin kifi da ake toyawa yana shiga har cikin burodi. A bakin ruwa akwai ragowar jiragen da aka yasar, tsatsa ta cinye su, haƙarƙarinsu a waje. In iska ta bi ta cikinsu sai ka ji kamar ana kiran wani daga nesa. Tsibiran da Oga Friday ya yi mana alkawari suna can bayan ruwan. Samari sukan taru a gari, ka saba da fuskokinsu, wata safiya ka ga babu su. Wasu a ji sun isa. Wasu kuma uwayensu su yi ta kiran lambar da ba ta shiga.

Ina tsaye a gaban wani teburin shayi, ina lissafa abin da ya rage mini a fili ba tare da na sani ba, sai na ji an ce, “Kai! Wa ke Hausa nan?”

Wani siririn dattijo ne mai furfura a gemu, rawani ya rufe masa rabin fuska. Malam Habu sunansa, mutumin Maraɗi. Na gaishe shi yadda aka koya mini. Ya ajiye buta ya ƙyalƙyale da dariya.

“Wagga Hausa taka ta cikin rediyo ce. Ba mutum ke yin ta ba. Daga ina?”

“Daga Kaduna.”

“Ɗan Kaduna! Ku ne masu karanta muna mutanen da sunka mutu, ko?”

“Na taɓa yi.”

“To zamna, ka sha shayi tun ba a karanto ka ba.”

Da wayarsa na kira Saraya na ce ina raye. Shi ya nema mini tabarma a ɗakin wasu 'yan Nijar, shi kuma ya kai ni wata masana'antar kifi inda ake kiran shugaban Fatron. Fatron ya gwada ni, ya ɗauke ni, ya karɓi fasfona ya ce za a yi mini takardu. Ya jefa shi cikin durowa ya murɗa makulli. Takardu ba su taɓa fitowa ba.

Suwic shida ne a masana'antar. Fatron ya fi son hanya ta uku, wato shafin da ake buɗewa kamar kowane shafin intanet, mai hoton akwatin da ƙofofinsa. Yakan zauna yana kallon korayen ɗigo yana kaɗa kai kamar mai duba garke. Na bar masa shafinsa, na rufe telnet, na kafa SSH. Akwatunan suna cikin wani ƙaramin ɗaki mai sanyi, marar taga. A nan nake fara yini. Najeriya tana gabanmu da awa ɗaya, don haka nakan iso da sassafe kafin ma'aikata, in buɗe baƙin allo, in shiga Makera, in jira Baba.

Ran Lahadi nakan kira Saraya.

“Tsohon naki fa?”

“Tsohonka dai. Yana nan yana ba ni wahala. Jiya ya jefe ni da silifa don na rage masa murya ana waƙar zumunta mata.”

“Ya same ki?”

“Da hagu fa! A goshi.”

Akwai ranar da ɓera ya cinye kebul ɗin ɗakinsa. Kafin in gama duba abin da ya faru, Saraya ta kira ni sau uku. Ina jin ƙarar sandar Baba a jikin ƙofa, kwas, kwas, kwas.

“Abeg, Irimiya, ka gyara abin nan kafin mutumin nan ya fasa mini ƙofa. Har Maman Blessing 'yar hayarmu ta fito ta ɗauka ɓarayi ne.”

Na gaya mata inda za ta sami wani kebul, ta canza, sanda ta yi shiru. Mun daɗe muna dariyar wannan.

Na shiga shekara ta biyu a Nuwadibu. Wata safiya layi ya fito: ƙofa ta bakwai ta tashi. Na jira na biyun. Bai zo ba.

Na ce wa kaina hannun ya fara saba. Washegari ma layi ɗaya, tsaf. Sai na fara lura da wasu abubuwa. Baba yakan kunna ne kafin labaran safe, ya kashe da rana in zai kishingiɗa. Yanzu ƙofar tana tashi lokacin da ake buɗe shago, ba ta faɗuwa sai lokacin da ake rufewa. Na kira Saraya, ko da yake ba Lahadi ba ce.

“Baba fa?”

“Yana barci.”

“Sa masa wayar a kunne. Numfashinsa kawai zan ji.”

“Ka bari ya huta mana. Ka ci abinci?”

A bayanta ina jin muryoyi da yawa, ana magana ƙasa-ƙasa, da ƙarar kujerun roba da ake ja a siminti. Na tambaye ta su wa ke nan. Ta ce kwastomomi ne. Ta ce layin ba kyau, ta kashe.

A wurinmu ba a gaya wa mutum mutuwar iyayensa ta waya. Manya ake tura masa. Su zo su zauna, a tabbatar ya ci abinci, wani ya riƙe shi, sannan a faɗa. Idan yana nesa, a ɓoye masa har sai an sami wanda zai je. Na san wannan fiye da kowa. A gidan rediyo, duk wanda ya kawo sanarwar rasuwa, tambayar farko da nake yi masa ita ce, “An gaya wa 'ya'yan?” In ya yi jim, in mayar masa da takardarsa. Na sha taya iyalai riƙe irin wannan shirun. Ban taɓa zama a ɗaya gefensa ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Kowace safiya in zauna a ɗakin sanyi, injuna suna gurnani, sunan BABA ya fito a allo da kalmar da ke cewa ya tashi. Na duba ƙididdigar ƙofar, na ga sauti yana ta kwarara zuwa ɗakin kamar kullum. Wato rediyo tana magana. Abin da ban sani ba shi ne ko akwai mai sauraro. Nakan hango ɗakin: gadon ƙarfe, kalandar coci, sanda a jingine, murya tana karanta labarai ga kujera. Da yamma in fita bakin ruwa, iska ta bi ta cikin matattun jiragen, in ji kwas, kwas, kwas, in waiwaya. Wani sakakken ƙarfe ne kawai ke bugun ɗan'uwansa.

Akwai abin da zan iya yi, kuma na san shi tun ranar farko. Daga inda nake zaune zan iya barin ƙofar a buɗe, fitila ta ci gaba da nuna kore, amma in tare duk abin da ke bi ta cikinta. Akwatin zai kunnu, ba zai yi magana ba. Idan Baba yana raye, sanda za ta yi aiki, Saraya za ta kira ni kafin in miƙe. Idan yana raye kuma yana kwance cikin ciwo, to na ƙwace masa abu ɗaya da ya rage masa, don in huta da zullumina. Na rubuta umarnin na goge, na sake rubutawa na goge. Wata safiya na rubuta na danna.

Ƙofar ta tashi a lokacinta. Ƙididdiga ta tsaya cak. Na ajiye wayar da na saya a kan tebur, na zuba mata ido.

Ba ta yi ƙara ba. Har aka tashi daga aiki ba ta yi ba. Washegari aka sake kunna akwatin da ba ya magana, aka kashe shi da yamma, babu wanda ya lura.

A kwana na uku da rana na fita zuwa teburin Malam Habu. Na tarar ya kife kofuna, ya sauke buta, ya kori masu zaman hira. Benci ɗaya ya bari, a bayan katangar da ke tare iska.

“Irimiya,” ya ce. Bai taɓa kirana da sunana ba. “Zamna.”

Na zauna. Ya miƙo mini burodi da ƙwai da kofin shayi.

“Ba na jin yunwa, Malam.”

“Ba tambayarka na yi ba. An ce sai ka ci.”

“Wa ya ce?”

“Ci tukuna.”

Na ci. Ya tsaya a kaina har na haɗiye lomar ƙarshe. Sannan ya zauna kusa da ni, ya gyara rawaninsa.

“Ƙanen babanka ya kira ni. Lambata na wurinsu tun ranar da ka iso. Ya ce ko akwai fasto nan kusa. Na ce ni ban san fasto ba, amma akwai ni. Ya ce to. Ya koya mini yadda kuke yi. Tun shekaranjiya nike juya abin, na kasa.” Ya ɗora hannu a kafaɗata, ya damƙe da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba. “Ya ce in riƙe ka. Haka ne?”

“Haka ne.”

“To na riƙe ka. Baba ya rasu, Irimiya. Cikin barci, ba wahala. Allah ya ba ka haƙuri.”

Na riga na sani. Na sani tun jiya, da hujjar da babu mai musun ta. Amma da ya faɗa, da bai riƙe ni ba da na zame daga bencin.

Da na natsu ya gaya mini sauran. Gawar tana mutuware. Dangi sun ce za su jira zuwa ƙarshen wata, ba za su wuce ba, domin mutanen ƙauye sun matsa. Ni kaɗai ne ɗa namiji, kuma ni ya kamata in fara zuba ƙasa. In ban zo ba, wani zai zuba.

Malam Habu ya saka babbar rigarsa ya raka ni wurin Fatron, yana fassara. Fatron ya ce ya yi mini ta'aziyya, amma kakar kifi ce, wa zai kula da akwatuna? Na ce a gaya masa ya zauna a ofis ya kalli shafinsa. Na ɗauki laftof na fita har wajen get, na zauna a kan wani dutse, na shiga ta SSH, na rufe ƙofar firintar ofishinsa. Malam Habu ya leƙo ta taga yana ɗaga hannu.

“Ɗan Kaduna! Ɗigo ɗaya ya mutu! Mutumin naka ya miƙe tsaye!”

Na buɗe ta. Na dawo na ce abin da na yi daga bakin get zan iya yinsa daga Kaduna. Fatron ba wawa ba ne. Ya ce, in hanyar intanet ɗin ce ta mutu fa? Na zaro shuɗin kebul daga jaka na ajiye a kan teburinsa. Na ce zan nuna wa Usmanu, mai gyaran wutarsu, inda ake soka shi, in ya so in riƙa gaya masa abin da zai rubuta ta waya. Fatron ya juya kebul ɗin a hannu, ya dubi Malam Habu wanda ya ƙi zama tun da muka shigo. Ya riƙe albashina na ƙarshe. Ya buɗe durowa ya miƙo mini fasfona.

Na iso ana saura kwana biyu. Muka kai Baba ƙauyenmu, can bayan Kachia. Ƙasar ja ce, damina ta jiƙa ta, ta manne mini a tafin hannu. Na zuba.

Bayan baƙi sun watse, muka dawo Makera. Na shiga ɗakinsa da hantsi. Komai yana nan yadda na yi ta hangowa, sai dai kujerar. Da tana fuskantar ƙofa. Yanzu tana fuskantar bango, inda akwatin rediyon yake, kuma an juya akwatin, bayansa ne ke kallon kujera. Saraya ta shigo da tsintsiya ta tsaya.

“Ke ce kike kunnawa,” na ce.

“Ni ce. Baba Ƙarami ya ce tunda kana gani, a ci gaba da kunnawa har a sami wanda zai gaya maka. Nakan rage muryar gaba ɗaya in ja ƙofa. Ba na iya jin ta.”

“Na yi zargi tun ranar farko. Hannunki ba ya rawa. Nasa kullum sai ya zame: ya kunna, ya kashe, ya sake kunnawa.”

Ta ajiye tsintsiyar.

“Rawa? Hannun hagun Baba? Mutumin da ke ɓare gyaɗa da hannu ɗaya, ya same ni da silifa daga nan har bakin ƙofa?”

Na dubi akwatin.

“Da gangan yake yi, Irimiya. Ya kunna, ya kashe, ya kunna. Sai ya zauna ya zuba wa 'yar fitilar nan ido. Ba ya karɓar kunu sai ya gama kallonta. In na ce Baba me kake jira, sai ya nuna hotonka. Ni na ɗauka wani abu ne kuka shirya ku biyu. Na ɗauka kana amsa masa.” Ta share fuska da bakin zane. “Na so in yi irin nasa bayan ya tafi. Hannuna ya ƙi.”

Ta ɗauki tsintsiyarta ta fita.

Na danna maɓallin soket. Fitilar da ke bayan akwatin ta kama kore. Na zauna a ƙasa, na jingina da gadon ƙarfe, na buɗe laftof. Suwic ɗin yana can tsallaken tsakar gida, ina jin ƙarar injin buga takardu daga shagon. Na shiga ta hanyar da na saba shiga daga Nuwadibu, da kalmar sirrin da yatsuna suka haddace. Baƙin allon bai san na dawo ba. Ya karɓe ni kamar kullum.

Umarni biyu ne, na rufe ƙofa da na buɗe ta, kuma duk wanda ya yi sati ɗaya a wannan aikin ya san su. Na zaɓi ƙofa ta bakwai. Na rubuta na farko, fitilar ta mutu. Na rubuta na biyu, ta dawo kore, a daidai inda mai zaune a kujerar zai gan ta ba tare da ya juya kai ba.

Na sake yi.